Jawabi a Kan Zaɓen Na'urar Busar da Abinci

Magana ce na zo da ita a kan abincin gidajenmu, da yadda za mu tsare shi kada ya lalace. Kai da ka ɗauki wannan ɗan littafi, ko da yake ba ka daɗe da fara karatu ba, kada ka yi garaje. Karanta sannu a hankali. In ka gamu da lamba, ka tsaya ka dube ta da kyau, gama lambobin nan su ne za su tsare maka kuɗinka ran da ka shiga kanti.

Kowa ya san halin tumatir a ƙasarmu. Daga watan Janairu zuwa Maris, in lambunan Kadawa da Kura suka nuna, sai ka ga kwanduna jibge a Kwanar Gafan, ana roƙon mai saye. Wani manomin ma yakan bar nasa ya ruɓe a gona, don kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Amma da ruwa ya sauka, sai tumatir ya yi wuya, uwargida ta riƙa ƙirga shi ɗai-ɗai. A shekarar 2016 kuwa wata tsutsa ta faɗa wa gonakin tumatir, ta yi ɓarna har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan al'amarin. A wannan shekara, gidan da ke da kauɗa a ajiye shi ya sha miya da daɗi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

To, yanzu 'yan kasuwa suna kawo na'urori na busar da abinci a gida, iri-iri, kowane yana yabon tasa. Nufina in nuna maka yadda za ka zaɓi wadda ta dace da gidanka, da kuma yadda za ka gane in ba ka bukatar saye sam.

Abin da ke ɓata abinci

Ruwa ne ke ɓata abinci. Akwai waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, suna cikin iska da ƙura da hannun mutum. Su ke sa ruɓa da tsami da fumfuna. Ba su iya hayayyafa sai inda akwai danshi. In ka raba abinci da ruwansa, ka hana su aiki ke nan.

Kakanninmu sun san wannan tun ba a zo da madubin likita ba. Shi ya sa muke da busasshiyar kuɓewa, da kuka, da karkashi, da kauɗa, da barkono, da kilishi, da bandar kifi. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka da cewa busar da abinci sabuwar dabara ce ta Turawa. Abin da na'ura ta ƙara kaɗai shi ne, ta tattara abu uku a cikin akwati guda: zafi madaidaici, da iska mai wucewa, da tsabta. Zafi ya fito da ruwan, iska ta tafi da shi, akwatin kuma ya tsare abincin daga ƙazanta. Riƙe waɗannan uku a zuciyarka. Kowace na'ura aka nuna maka, da su za ka auna ta.

Aibin shanya a ƙasa

Wataƙila ka ce, tun da rana kyauta ce, me zai sa in wahalar da kaina? Tambayarka daidai ce. Rana ba ta da laifi, laifin yana wurin da muke yin shanyar. Dubi tumatir da barkono da rogo da ake bazawa a bakin kwalta. Ƙura ta sauka a kai, hayaƙin mota ya bi, awaki su taka, kaji su tona, ƙudaje su yi ta biki. Da dare kuma raɓa ta jiƙa abin da rana ta busar, ɓeraye su fito kiwo.

Ga haɗari biyu da ya kamata kowane maigida ya sani.

Na fari, zazzaɓin Lassa. A shekarar 1969 aka fara gane wannan cuta, a garin Lassa na ƙasar Borno, can ta samo sunanta. Wani irin ɓera ne mai yawan nonuwa ke ɗauke da ita, yana zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan shanya, mutum ya taɓa ko ya ci, yana iya kamuwa. Cutar ta fi yawa da rani, watau daidai lokacin da muka fi yin shanya. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, wadda ake kira NCDC, take gargaɗi kada a shanya abinci a ƙasa ko a bakin hanya.

Na biyu, dafin fumfuna. Abincin da ya daɗe bai bushe ba, ko wanda aka adana da sauran danshi, yakan yi fumfuna. Wata irin fumfuna tana haifar da dafi da likitoci ke kira afalatoksin. Ya fi samun masara da gyaɗa da barkono. Dahuwa ba ta kashe shi. Kaɗan-kaɗan yana cin hanta har ya kawo ciwon daji, mai yawa kuwa yana kisa cikin 'yan kwanaki. A shekarar 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka mutu saboda cin masara mai wannan dafi. Ka ga ashe maganar ta wuce ta ɗanɗanon miya, ta kai ga ran iyali.

Iri-irin na'ura

Na'urorin da za ka tarar iri biyu ne manya: mai aiki da rana, da mai aiki da wutar lantarki.

Mai aiki da rana akwati ne na katako ko na ƙarfe, mai ƙafafu, an rufe samansa da gilashi ko farar leda mai kauri. Ana shafa wa cikinsa baƙin fenti, domin baƙi ya fi kama zafi. Akwai ƙofofin iska a ƙasa da kuma a sama, an toshe su da raga. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta yi zafi, ta hau ta ratsa abincin, ta fita ta sama da ruwan. Cikin akwatin ya fi waje zafi ƙwarai, don haka abinci ya fi saurin bushewa, ga shi ƙuda da ɓera ba su da hanya. Akwai wani irin kuma wanda rana ba ta dukan abincin kai tsaye. A wani sashe dabam take gasa iskar, sa'an nan iskar ta shiga ɗakin da abincin yake cikin inuwa. Wannan ya fi kyau ga ganye, kamar zogale da rama da yakuwa, gama hasken rana yana kashe korensu, yana kuma rage amfaninsu a jiki.

Mai aiki da lantarki ita ma kashi biyu ce. Akwai mai farantai a jere, wani bisa wani, fankarta tana ƙasa ko a murfi. Ta fi araha, ba ta cin wuri. Amma farantin da ke kusa da fanka ya fi saurin bushewa, sai ka riƙa sauya musu wuri. In fankar a ƙasa take, ruwan tumatir yakan ɗiga a kanta. Akwai kuma mai kamar akwati, fankarta tana baya, farantanta ana jawo su kamar aljihun tebur. Iskarta tana ratsa kowane faranti daidai wa daida. Ta fi tsada, amma ta fi aiki.

Tambayoyi huɗu kafin ka fitar da kuɗi

Kafin ka tafi kasuwa, zauna da uwargida, gama ita ce mai aikin, ta kuwa fi ka sanin abin da tukunya ke ci. Ku amsa tambayoyi huɗu.

Ta ɗaya, me za mu busar? Ganye ne, ko tumatir da tattasai, ko mangwaro, ko nama? Kowanne da zafin da yake so.

Ta biyu, yaya yawansa? Ragowar cefane ne, ko kwanduna daga lambu?

Ta uku, a wane lokaci? Da hunturu da bazara iska busasshiya ce, rana kuma ba ta fashi. Amma a watan Agusta sai a yi kwana uku ba a ga rana sosai ba, iskar kanta ma ɗauke take da danshi.

Ta huɗu, wutar unguwarmu tana tsayawa? Tumatir yakan ɗauki awa 8 zuwa 12 a cikin na'urar lantarki, wani lokaci fiye. In aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, abincin zai zauna cikin ɗumi da danshi a rufe, irin wurin da fumfuna ta fi so ke nan. Gara a ce ba a fara ba.

Bari mu yi lissafi

Ɗauki fensir, mu yi wannan tare. In ka kasa tumatir kashi 100, kimanin kashi 94 ruwa ne. Watau in ka busar da kilo 10, abin da zai saura bai kai kilo 1 ba. Ƙaramar na'urar lantarki mai faranti 5 tana ɗaukar kamar kilo 3 na yankakken tumatir a zubi ɗaya. Babban kwando irin wanda ake lodi zuwa Kudu yakan kai kilo 50. Raba 50 da 3, za ka sami zubi 17. In kowane zubi awa 10 ne, aikin ya zama awa 170, watau mako guda cur, dare da rana, ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba. Kafin ka kai rabin kwandon, sauran ya ruɓe.

Sai kuɗin wuta. Na'ura mai ƙarfin wat 500, in ta yi awa 10, tana iya shan yunit 5. Zubi 17 ya zama yunit 85. A watan Afrilu na 2024 hukuma ta sa yunit ɗaya naira 225 ga unguwannin da suka fi samun wuta, waɗanda ake kira rukunin A. A bisa wannan farashi, yunit 85 ya kama naira 19,125. Duba takardar kuɗin wutarka, ka ga nawa ake sayar maka da yunit, ka sake lissafin da kanka. In da janareta za ka yi, to, ka tuna tun da aka janye tallafin fetur a shekarar 2023 kuɗinsa ya ninka.

Me lissafin nan ya koya mana? Mai lambu, da mai sayen kwando lokacin araha, akwatin rana shi ne nasa. Na'urar lantarki kuwa ta mai ƙaramin aiki ce, wanda wutarsa ke tsayawa, ko yana da faifan sola mai ƙarfi, wanda kuma yake so ya yi shanya ko da damina. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da za ka karanta a jikin na'urar lantarki

In ka auna ka ga ta lantarki ce ta dace da kai, to, ga ranar karatunka ta zo. Juya na'urar, a bayanta ko a gindinta akwai 'yar takarda mai lambobi. Kada ka bar mai kanti ya karanta maka. Karanta da idonka.

Nemi harafin V. Wutar Nijeriya da ta Nijar tana wajen 220 zuwa 240. In ka ga an rubuta 110 V ko 120 V, wannan don Amurka aka yi ta. Ka sa ta a soket ɗinmu haka kawai, nan take za ta ƙone. Irin wannan ta fi yawa cikin kayan gwanjo, sai ka lura.

Nemi harafin W. Shi ke nuna ƙarfinta da yawan wutar da take sha. Na gida suna kamawa daga wajen 250 W zuwa 1000 W. Mai farantai da yawa amma ƙarfinta kaɗan, za ta daɗe ba ta gama aiki ba.

Nemi abin murɗawa na zafi. Na'urar da ba a iya ƙara mata zafi ko a rage, bar ta. Ta kirki takan fara daga wajen digiri 35 ta kai 70. Ganye yana son kamar 40, kayan miya da 'ya'yan itace 55 zuwa 60, nama kuwa 70. Waɗannan lambobi na ma'aunin da ake rubuta wa harafin C ne. In ka ga harafin F, wani ma'auni ne dabam: 135 F daidai yake da 57 C, 160 F kuma daidai yake da 71 C. Kada ka ce bari in ƙure zafi don in gama da wuri. Zafi mai yawa yakan ƙandarar da bayan abinci, ya kulle ruwa a ciki. Ka ga kamar ya bushe, bayan wata guda ka tarar ya yi fumfuna.

Tabbata tana da fanka. Akwai masu araha da ba su da ita, zafi kaɗai suke bayarwa. Sa mai kanti ya kunna a gabanka, ka kara hannu ka ji iska tana fita. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Dubi farantan. Su zama ana iya cire su a wanke. Na ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi na roba ƙarko. Ka kuma tambaya, in fanka ta mutu ko faranti ya karye, a ina ake samun wani? In mai kanti ya kama kame-kame, ka kama hanyarka. Araha ba ta ado.

In akwatin rana ka zaɓa

Wannan ba sai ka je kanti ba. Kafintan garinku zai iya haɗa maka, in ka yi masa bayani. Akwai kuma cibiyar Gwamnati mai binciken adana amfanin gona, ana kiranta NSPRI. Babban ofishinta yana Ilorin, tana da reshe a Kano. Ta ƙera na'urorin busarwa masu aiki da rana, da kuma murhun bandar kifi. Malamin gona na yankinku zai iya nuna maka hanya.

Ga abubuwan lura. A karkata murfin gilashin kaɗan, ya fuskanci kudu, gama da hunturu rana ta kudu take ratsewa. A yi ƙofofin iska wadatattu, sama da ƙasa, domin akwatin da iska ba ta fita dafa abinci zai yi. A toshe kowace kafa da raga mai ƙananan idanu. A yi masa ƙafafu dogaye, a sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai ruwa saboda tururuwa. Kada a shimfiɗa abinci a kan kwanon rufi ko raga irin ta kejin kaji, domin tsamin tumatir yana cin ƙarfen, ya shiga abincin. A yi amfani da ragar roba mai tsabta, ko saƙar gora. Kada kuma, ko da wasa, a yi shanya a kan gidan sauro mai magani, ko buhun taki, ko buhun maganin ƙwari. Da magariba a shigar da farantan ɗaki, ko a rufe ƙofofin iska saboda raɓa.

In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gida huɗu ko biyar su haɗa su yi babba, su riƙa karɓa-karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kuma bai sami ko wannan ba, to, ya kafa rumfa mai tsawo, ya shimfiɗa tabarma mai tsabta a kai, ya rufa da farin ƙyalle shara-shara. Ko wannan kaɗai ya raba shanyarsa da ƙasa da akuya da ƙuda.

Nama da kifi

A nan sai an yi hattara ƙwarai. Ɗumin da ke busar da nama ba lalle ya kashe cutar da ke cikinsa ba. Ma'aikatar Gona ta Amurka tana ba da shawara a gasa nama har cikinsa ya kai digiri 71, na kaza kuwa 74, kafin a busar. Dubi masu kilishinmu. Sukan yanka naman fale-fale, su shanya, su tsoma cikin labu, su sake shanyawa, sa'an nan su gasa a wuta. Gashin nan na ƙarshe ba don ƙanshi kaɗai ake yinsa ba, yana tsare mai ci. Ko wace irin na'ura ka saya, kada ka bar gashi. A zaɓi tsoka, a cire kitse, gama kitse ba ya bushewa, yakan sa nama ya yi wari. Kifi kuwa, banda ta fi dacewa da shi.

Shiri, da gwaji, da ajiya

Na'ura ba ta gyara ruɓaɓɓe. Zaɓi lafiyayye, ka wanke da ruwa mai tsabta, mai yanka ya wanke hannu da sabulu. A yanka bai-ɗaya, kada kaurin ya wuce na fensir. A jera ɗai-ɗai, kada wani ya hau wani. Karas da kabeji a tsoma su cikin tafasasshen ruwa minti 2 ko 3 kafin a shanya, don su riƙe launinsu. Tumatir da albasa da barkono ba su bukatar haka.

Yaya za ka san ya bushe? Ciro kaɗan, ka bari ya huce. Kuɓewa da ganye da albasa su karye ƙaras. Tumatir da mangwaro su lanƙwashe kamar jemammiyar fata, in ka matsa ba ruwa, ba sa manne wa yatsa. Daga nan zuba cikin kwalba mai murfi, ka ajiye mako guda, kana girgizawa kullum. In ka ga gumi a jikin kwalbar, da saura, mayar da shi shanya. In ka ga fumfuna, zubar, kada ka ba ko dabba. Wanda ya tsira, a rufe shi ruf, a ajiye wuri mai sanyi da duhu, sama da ƙasa, inda ɓera ba ya kaiwa. Tun da ka iya rubutu, manna 'yar takarda ka rubuta sunan abin da watan da aka busar, don a fara cin tsoho kafin sabo.

To, jama'a, ga abin da nake so ku riƙe. Kada ƙyalƙyalin na'ura ya ja ku, kada kuma bakin mai talla. Ku auna ta da abu ukun nan, zafi da iska da tsabta. Ku auna kanku da tambayoyi huɗun nan. Ku yi lissafi a takarda kafin ku kwance lalita. A yawancin gidajenmu, ranar da Allah ya hore mana ta isa, in dai an ɗaga shanya daga ƙasa an rufe ta.

Kai kuma da ka karanta har ƙarshe, kada ka bar abin a cikinka. Yau da dare ka karanta wa mutanen gidanka, gobe ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai shiga aji ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da wadata, ya sa abin da muka noma ya kai mu wata kakar. Amin.